Malami ko Ma'aji? Raddi a kan Taira Shinken

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin matasa masu sha'awar kareti, cewa gwani shi ne wanda ya kayar da abokin karawa a gaban jama'a, ko ya ɗaura baƙar ɗamara cikin shekara uku. Da wannan ma'auni suke raina irin su Taira Shinken, suna cewa ai ma'aji ne kawai, mai tara kayan tsofaffi. Wannan hukunci zalunci ne, kuma ga hujjata.

An haifi Taira a shekarar 1897 a tsibirin Kume, cikin yankin Okinawa. A 1922 ya tafi Tokyo, ya zama almajirin Funakoshi Gichin, wanda ya yaɗa kareti a manyan tsibiran Japan. Daga 1929 ya durƙusa gaban Yabiku Moden domin koyon kobudo, wato fasahar sarrafa makaman gargajiya: doguwar sanda mai suna bo, ƙarfe mai yatsu uku da ake kira sai, da tonfa, da nuncaku, har da filafilin tuƙa kwale-kwale.

A wancan zamani karetin da ya shiga makarantu da jami'o'in Japan na hannu da ƙafa ne, makamai kuwa an bar su a baya. Iliminsu yana warwatse a ƙirazan dattawa, kowa da 'yan tsare-tsaren motsi da ya gada, waɗanda ake kira kata. Sai yaƙin 1945 ya rugurguza Okinawa, ya hallaka ɗimbin mutanenta. Idan dattijo ya kwanta dama da katarsa, shi ke nan, ba a tono ta daga kabari.

To, me Taira ya yi? Ya bi masu ilimin nan ɗaya bayan ɗaya, ya koya, ya tsara, ya koyar. A 1955 ya kafa ƙungiyar adana kobudo da bunƙasa shi. A 1964 ya wallafa littafinsa Ryukyu Kobudo Taikan. Kafin rasuwarsa a 1970 ya tattara kata kimanin 40, waɗanda almajiransa irin su Akamine Eisuke da Inoue Motokatsu suka ci gaba da koyarwa.

Ya kai ɗalibi, dubi sunayen katocin nan: Sakugawa no kon, Chatan Yara no sai, Hamahiga no tonfa. Kowanne yana ɗauke da sunan mutum ko na gari, tamkar salsalar malamai. Wanda ya tsare su ya tsare tarihin al'umma ne a cikin motsin jiki.

Masu suka za su ce zamani ya wuce sanda, gasa ce ke raya fasaha. Ban musa amfanin gasa ba. Amma kareti ya shiga wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, sannan aka fitar da shi daga na Faris a 2024. Abin da kwamiti ya bayar, kwamiti na iya karɓewa. Katocin Taira kuwa ba su jira izinin kowa ba, har gobe ana yin su.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai zumar ba ta tsufa sai an sami mai adana ta. Saboda haka kafin ka tambayi wa malami ya kayar, tambayi me ya karɓa, kuma wa ya miƙa wa.