Na'urar da ta cika min kunne da ƙarya a hanyar Keffi

  Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa zirga-zirgar ɗauko kaya da ta sa ni gaba. Yau ina so ne mu yi magana a kan wata 'yar na'ura da ta kusa jefa ni da gidanmu cikin abin da ba za mu iya fita ba, da kuma shawarar da na yanke lokacin da aka ce in sayi wata a madadinta.

Kamar yadda wasunku suka sani, Baba mutumin Maraɗi ne, ya sauka Keffi da ƙullin atamfarsa tun kafin a ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996, ni kuwa a nan aka yanke min cibiya. Tun da na gama sakandare sitiyari ya dawo hannuna, ni ke zuwa Kantin Kwari ɗauko shadda da atamfa, ni ke kai wa masu saro kaya Abuja. Da Baba ya sayi Sienna 'yar Amurka, irin wadda muke ce wa tokumbo, muna cikin share ta sai muka tsinci wani baƙin abu a ɗan akwatin gaba, bai kai tafin hannu ba, da igiyar da ake soka wa a ramin laita. Na kai wa mai wayarin ɗinmu, yana gani ya yi dariya ya ce, "Ɗan Alhaji, ai dukiya ka tsinta. Wannan ita ke shinshino rada. Kafin 'yan Rod Sefti su gan ka, ta gan su." A ranar na manna ta a gilashin gaba ina jin kamar an ba ni layar zana.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake, don sai da na sha wahala kafin na fahimta. Bindigar auna gudu da jami'i ke riƙewa ba harsashi take fitarwa ba, wani irin sako ne na rediyo take harbawa, ya bugi mota ya dawo. Gwargwadon gudun motar, gwargwadon yadda saƙon ke canjawa a dawowarsa, da wannan bambancin ne bindigar ke lissafa gudunka. Ita kuwa na'urar tawa kunne ce kawai. Tana sauraron zangon da irin waɗannan bindigogi ke amfani da su, wato wanda ake kira X, da K, da Ka, in ta ji motsi sai ta kama ƙara. A Amurka aka fara yayinta, tun wajen 1968 wani mai suna Dale Smith ya ƙera wadda ta yi suna da Fuzzbuster.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ba jami'an hanya kaɗai ke magana a waɗannan zanguna ba. Ƙofofin manyan shagunan Abuja, waɗanda ke buɗe kansu in mutum ya tunkaro, da yawansu da ƙaramar rada suke gane an zo. Haka kuma motoci da dama na zamani suna da 'yar rada a bayansu mai gaya wa direba akwai mota a gefen da madubi ba ya nunawa, kuma wasunsu a zangon K suke aiki, daidai inda na'urata ta kasa kunne. Ita ba ta san bambancin ƙofar shago da bindigar jami'i ba. Saboda haka daga na shiga Abuja sai ihu, in wata dalleliyar jif ta sha gabana sai ihu, wani lokaci ma ina tsaye a cunkoson Mararaba, ko taku ɗaya ba na yi, tana ta faɗa min in yi hattara da gudu.

Makon farko duk ƙarar da ta yi sai na taka birki gabana na faɗuwa. Mako na biyu na fara tsaki. Kafin wata ya cika na koyi miƙa hannu in danna mata maɓallin shiru ba tare da na ko yi tunani ba. Jama'a, wannan ita ce illar farko: mai gargaɗin da ya cika ƙarya, koya maka yake ka daina sauraro. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to ita wannan toshe kunnen take yi. Illa ta biyu kuwa ta fi muni, kuma ban gane ta ba sai daga baya. Duk lokacin da ta yi shiru, sai zuciyata ta ce min hanya lafiya lau, in taka. Ashe shirunta ma ƙarya ne. Ba ta ganin ɗan acaba da zai faɗo titi babu sigina, ba ta ganin tirelar da ta mutu a kwana aka jera mata ganye, ba ta ganin rami, ba ta ganin yaro.

Wata ranar Alhamis na taso daga Abuja dab da magariba, ina sauri in iso gida kafin duhu. Duk wanda ya san Masaka ya san yadda kasuwa ke malalowa har bakin kwalta, mutane na tsallakawa ta ko'ina. Wata jif na gabana, na'urar ta kama kururuwa, na sunkuya in kashe ta. Wallahi bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ina ɗagowa sai ga yarinya da farantin ayaba a kanta a tsakiyar layina. Na take birki da duk ƙarfina, taya ta yi ƙara, kayan da ke baya suka zubo min a wuya. Motar ta tsaya, tsakaninta da yarinyar bai kai kamu ɗaya ba. Farantin ya kife, ita kuma ta zube a ƙasa don firgita. Kafin in buɗe ƙofa mutane sun kewaye ni, kowa da harshen da yake magana da shi, wasu na buga bodin motar. Allah ya sa ko ƙwarzane ba ta yi ba, wani dattijo ya shiga tsakani, na biya kuɗin ayaba na ba da haƙuri, aka sake ni. Sai da na yi kusan rabin awa a gefen hanya ƙafata na rawa kafin na iya tada mota.

Da na iso gida ban ɓoye wa Baba ba. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Kai yaro, mu nan zaman amana muke yi. Shekara talatin da wani abu ban taɓa tsayawa gaban hukuma ba. Da ka take 'yar mutane yau, ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ya kashe yarinya. Ka san inda irin wannan magana ke ƙarewa?" Na ce, "Na sani Baba, a yi min afuwa." Ya ce, "Cire wannan abin daga motata."

Na cire, amma gaskiya zuciyata ba ta haƙura ba. Abokai a majalisa suka ce ai laifin tsufanta ne, in nemi sabuwa, ta yanzu ba ta ƙarya. Na shiga intanet na yi kwanaki ina bincike, kuma don adalci zan faɗi abin da na gani. Lallai an ci gaba. Kamfanoni irin su Uniden, Escort da Valentine suna da samfura masu tace ƙarar radar motocin zamani. Wasu na haɗe da tauraron ɗan Adam, in sun ji ƙara a wuri ɗaya sau da yawa sai su riƙe wurin su daina damunka da shi. Wasu na nuna kibiya, gaba ne abin yake ko baya. Akan kuma iya kashe zangon X gaba ɗaya. Duk wanda ya dage sai ya saya, waɗannan su ne abubuwan dubawa, kuma ya sani masu kyan daloli ɗaruruwa ake sayar da su. Masu arhar da ake tallatawa kuwa, araha ba ta ado.

Sai dai ina cikin binciken tambayoyi suka yi ta taso min. Na farko, ko mai tsadar ba ta daina ƙarya ɗungurungum ba, ragewa kawai take yi, kuma in ka matsa mata tacewa da yawa tana iya yin shiru a kan na gaskiya. Na biyu, akwai bindigar da ke auna gudu da siririn haske maimakon rediyo, wadda ake saita ta a kan mota ɗaya tak. Kafin na'urarka ta yi ƙara an riga an gama auna ka, ihu bayan hari ke nan. Na uku, taswirar kyamarorin hanya da ake zuba wa waɗannan na'urori ta ƙasashen da aka ƙera su dominsu ce, babu Uke babu Gora a ciki. Na huɗu, mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa aka tsayar da ɗayanmu a wannan hanya saboda rada? Yawanci takardu ake tambaya, da lasin, da bel, da lafiyar taya, da tukunyar kashe gobara. Babu na'urar da ke shinshino waɗannan. Ko a can inda aka ƙirƙiro ta ba ko'ina aka yarda da ita ba: jihar Bajiniya da birnin Washinton sun hana, manyan motocin haya a duk Amurka an hana su, Faransa ma ta haramta.

Tambayar da ta fi tsaya min a rai ita ce: wai me nake gudu? Na'urar an yi ta ne don kare aljihu daga tara, ba don kare rai ba. Ni kuwa abin da ya kusa halaka ni a Masaka ba tara ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, shekara da shekaru rahotanninta na sanya gudun wuce ƙima a sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗari a ƙasar nan. Shi ya sa a watan Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Ƙa'idar hanya ta ba motar gida kilomita 100 a awa a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Mu yi ɗan lissafin 'yan kasuwa. Keffi zuwa Abuja wajen kilomita 50 ne. A gudun 100 minti 30 ne, a gudun 120 minti 25. Ribarka minti 5, wadda cunkoson Mararaba zai cinye kafin ka gama gyara zama. Amma a gudun 100 mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu ne. Wane ɗan kasuwa ne zai saka uwar kuɗi gaba ɗaya don ribar minti 5?

A nan ne kuma na gano wani abin kunya da nake so duk mai motar Amurka ya duba yau ɗin nan. Manyan lambobin da ke jikin malejin irin waɗannan motoci mil ne, ba kilomita ba. Kilomitar su ne ƙananan lambobin da ke ciki. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wato duk lokacin da allura ta hau 80 ina cewa ai a hankali nake, kusan kilomita 129 nake yi. Wata da watanni ina zuba wa gilashi ido ina jiran a gaya min inda jami'i yake, alhali gudun kaina ban san shi ba.

To ga abin da na maye gurbinta da shi. Na yanko ɗan jan salatif na manna a kan 60 na maleji, wato kusan kilomita 97, wani kuma a kan 30, wato kusan 48, don cikin gari da kasuwannin bakin hanya. Na sa wa wayata manhajar taswira mai nuna gudu, wadda ke yin ƙara in na haura ƙa'ida, na kafe ta inda ba sai na taɓa ta ba. Ita wannan ƙarar in ta tashi, ni take nufi, ba ƙofar shagon wani ba, kuma maganinta a ƙafata yake, ba a maɓalli ba. Kuɗin da na fara tarawa na sabuwar na'ura kuwa, na ƙara na canja tayoyin gaba da birki. Ranar da za ni Kano, da an sallame asuba nake kama hanya, don na lura rabin gudun da muke yi makara ce ke jawo shi.

Na san wani zai ce ai hanyar ta yi kyau yanzu, tun da aka mayar da ta Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi mai hannu biyu, har aka fara karɓar kuɗin bi a 2025. Haka ne, amma kyan hanya shi ke ruɗin ƙafa. Wani kuma zai ce akwai wuraren da tsoron masu tare hanya ke sa dole a taka. Ban musa ba, sai dai maganin wannan shi ne tafiyar rana da bin ayari, ba na'urar da ko ɓarawon ba ta gani ba.

'Yan uwa, mu da muka bar garuruwan iyayenmu muka zauna cikin mutane, sunanmu shi ne jarinmu. Yadda muke tuƙi a Masaka da One Man Village yana cikin abin da ake auna mu da shi, kamar yadda ake auna mu da mudu da yadi a kasuwa. Tsohuwar na'urar tana nan a durowar shago tare da matattun caja. Wani yaro ya ce in sayar masa, na ce a'a, ba zan sayar wa ɗan uwa abin da na san ƙarya yake yi ba.

Allah ya tsare mu da tsautsayi da asara, ya kai kowa gida lafiya, ya kuma bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa in rai ya kai. Wassalam.