Ka tayar da tsohuwar manhajar likita, amma kar ka kai mata ɗanka

Yau faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ka cika min inbos tun satin da ya wuce.

Tun da na saka darasin yadda ake ɗora DOSBox a wayar Android don buga tsofaffin gem, saƙo ɗaya ke ta shigo min: "Oga, a taimaka da linkin manhajar likitan nan." Da na bi diddigi sai na tarar wata tsohuwar manhajar gano cuta ce ta zamanin DOS ake ta turawa a guruf-guruf na WhatsApp, da kirari wai likitan Amurka ya shigo aljihunka, ba data, ba layin asibiti. Har akwai masu karɓar kuɗi su ɗora wa mutane.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne ranar Laraba wani mai kemis ya kawo min laftof a shago. Ba abin da ya sami laftof ɗin. So yake in ɗora masa manhajar, in kuma ƙara girman rubutun yadda kwastoma zai hango daga bayan kanta. Na ce me za ka yi da ita? Ya ce mutum in ya ga kwamfuta ce ta faɗi cutarsa, ba ya gardamar kuɗin magani. Na buɗe fayilolin a gabansa, kwanan watan da ke jikinsu na farkon shekarun 1990 ne. Na ce masa Alhaji, wannan abin ya girme ni, ba zan ɗora ba. Ya tafi yana cewa ai akwai masu gyara da yawa a layin nan. Gaskiyarsa kuwa, na san wani zai ɗora masa. Shi ya sa na dawo gare ka, don kai ne za ka tsaya a gaban kantar nan da yaro a kafaɗa.

Kar ka ɗauka ina gaba da tayar da tsofaffin manhajoji. Wallahi ina son aikin, ai dangin sana'ata ne. Amma ka san me ake nufi da tayarwa?

Ga misali. A 1966 wani malami a jami'ar MIT mai suna Joseph Weizenbaum ya fito da ELIZA, manhajar da ke hira da mutum tana kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. An daɗe ana zaton ainihin rubutunta ya ɓace, sai a 2021 aka gano shi a takarda cikin kayan da mutumin ya bari. A ƙarshen 2024 wasu masana suka tayar da ita a kan emuleta mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta IBM 7094. Suna cikin gwaji suka gano tana da ciwo: in ka rubuta mata lambobi sai ta tsaya cak. Ka san me suka yi? Barin ciwon suka yi yadda yake, da gangan. Domin burin mai tayar da tsohuwar manhaja shi ne ta dawo daidai yadda take a zamaninta, da kyanta da kurakuranta duka.

Ni ma haka nake yi. In ka kawo min Nokia 3310 na kakanka, zan wanke fanel, in sa batir, ta kawo wuta, ka buga gem ɗin maciji. Amma wayar shekarar 2000 ce na miƙo maka, WhatsApp ba zai hau ba har abada. To manhajar likita ma da ka tayar, ilimin shekarar da aka rufe ta ne a cikinta, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Kuma ilimin likitanci ba ya zama wuri ɗaya. Ɗauki olsa, gyambon cikin nan da kusan kowane gida ke da mai kuka da shi. Shekara da shekaru likitocin duniya sun tafi a kan cewa damuwa da yawan asid ne tushensa. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna akwai ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke haddasa mafi yawansa. Aka ƙi yarda da su, har Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa a 1984 don ya tabbatar. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Duk manhajar da aka rubuta kafin wannan magana ta karɓu, tsohon karatun za ta biya maka. Ciwon hanta nau'in C sai a 1989 aka gano ƙwayarsa. Kulorokwin da iyayenmu suka sani a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, Najeriya ta sauke shi daga sahun farko a 2005 saboda ya daina cin ƙwayar cutar, aka koma ACT. Wa zai shiga cikin fayil ɗin 1990 ya gaya masa duk wannan?

Na san abin da za ka ce, don an turo min shi ya fi sau goma: "Ai an gwada, kwamfutar ta doke likitoci." E, an yi, bari ma in ba ka labarin da kyau.

MYCIN ake nufi. Edward Shortliffe ne ya gina ta a jami'ar Stanford a farkon shekarun 1970, da ƙa'idoji kusan 600 irin na "in ka ga kaza da kaza, to mai yiwuwa kaza ne". Aikinta gano ƙwayar da ta shiga jini ko ta kawo sanƙarau, da ba da shawarar maganin da ya dace. A gwajin da aka wallafa a 1979, an ba ta bayanan masu sanƙarau 10, aka ba likitoci irinsu, sannan ƙwararru 8 suka duba amsoshin ba tare da sun san ta wane ce ba. MYCIN ta sami kashi 65 cikin 100, malaman likitanci biyar kuma suka sami tsakanin 42.5 da 62.5.

Masu turo maka saƙo a nan suke tsayawa. Ragowar labarin ita ce, duk da wannan sakamako, ba a taɓa sa MYCIN aikin yau da kullum a asibiti ba. Waɗanda suka gina ta, suka san cikinta da wajenta, ba su sake ta a kan marasa lafiya ba. Ga tambayar wa za a kama in ta yi kuskure, ga doguwar hira da sai likita ya zauna ya buga amsa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka lura da irin tambayoyin: me aka gani da aka shuka jinin a leb, ƙwayar doguwa ce ko kewayayya, wane launi ta ɗauka da aka rina ta. Kai da ke zaune a ɗaki da waya a hannu, ina za ka samo waɗannan amsoshi? Cankar su za ka yi. In ka zuba mata canke, canke za ta mayar maka, sai dai nata zai zo da turanci mai nauyi da zai sa ka ɗauka gaskiya ne.

Waɗanda suka biyo baya ma haka. INTERNIST-I ta jami'ar Pittsburgh ta san cututtuka sama da 500, daga baya aka mayar da ita QMR don ƙananan kwamfutoci. A 1994 aka gwada manhajoji huɗu, QMR da DXplain da Iliad da Meditel, da bayanan marasa lafiya 105. Sun sako cutar gaskiya a cikin jerin da suka bayar tsakanin kashi 52 da 71 cikin 100. Ka ji fa, a cikin jeri, tare da tarin wasu cututtukan da ba su da alaƙa. Masu binciken suka ce sai likitan da zai iya tsince tsaba daga tsakuwa ne ya kamata ya riƙe su. Mai kemis ɗina zai iya? Kai za ka iya?

Akwai kuma maganar wuri. A Leeds ta Ingila, likita Tim de Dombal ya gina manhajar gano dalilin ciwon ciki mai tsanani. A 1972, cikin marasa lafiya 304, ta dace a kusan kashi 92, manyan likitocin kuma kusan kashi 80. Abin burgewa. Amma da aka kai ta wasu asibitoci a wasu wurare sai ƙoƙarinta ya ragu, don lissafinta da mutanen Leeds aka gina shi. To in daga wannan gari na Turai zuwa wancan ta yi rauni, ina ga an kawo ta nan? Zazzaɓi a watan Agusta a Kano ko Maraɗi da zazzaɓi a Boston ba abu ɗaya suke nunawa ba. Abin da likitanmu zai fara zargi tun kafin ka zauna, ita yana iya zuwa mata can ƙasan jeri.

Wani ya rubuto min cewa ai tsohon abu ya fi ƙarko, an daɗe ana amfani da shi. A ƙarfe na yarda, a manhaja ban yarda ba. Ka nemi labarin Therac-25, na'urar gashin ciwon daji. Ba ta gano cuta ba ce, amma darasin ɗaya ne. An kwaso rubutun manhajarta daga na'urorin da suka gabace ta, aka ce ai an gwada shi shekaru. Ashe tsofaffin na'urorin suna da makullin kariya na ƙarfe da ke rufe kuskuren manhajar, sabuwar kuma an cire mata. Tsakanin 1985 da 1987 mutum 6 a Amurka da Kanada suka sha hasken da ya wuce ƙima nesa ba kusa ba, wasunsu suka mutu. Duk mai gyaran da ya taɓa ɗaura jampa a kan fis ya gane wannan. Wayar za ta kawo, har ranar da wuta ta yi yawa. A manhajar gano cuta, likita ne fis ɗin. Kai kuma so kake ka cire shi.

Yanzu ga hujjarka mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Asibiti da layi, kati da kuɗi, awo da kuɗi, wani ƙauyen sai ka hau mashin na awa guda kafin ka ga ma'aikacin lafiya. Ni ma na kwana a benci da mahaifiyata, na san zafin. Amma ka duba abin da manhajar ke yi wa talaka. In ta ce ba komai, ka zauna a gida cuta ta ci gaba. In ta ce abu mai ban tsoro ne, ka kwashi kuɗin abinci ka sayi maganin da ba naka ba. Ta kowane ɓangare kai ne a ƙasa. Irin wannan kasuwar muka gani wajen masu yawo da laftof da ɗan ƙarfe, ka riƙe minti ɗaya su ce kwamfuta ta auna hanta da ƙoda da komai, sannan su zaro kwalabe daga jaka. Awon zazzaɓin cizon sauro na tsinke, wanda ake ɗiga jini, minti 15 zuwa 20 ne, kuma jininka yake dubawa na yau. Ya fi manhajar nan amfani sau dubu.

In kuwa yaro yana jijjiga, ko wuyansa ya sandare, ko ya kasa shan nono, ko duk abin da ya ci sai ya amayar, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, dan Allah ajiye wayar. Ba DOSBox, ba ChatGPT, ba tambaya a guruf. Ɗauke shi ku tafi.

To a watsar da tsofaffin manhajojin ke nan? A'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A tayar da su, a adana, don akwai karatu a ciki. MYCIN, in likita ya buga mata WHY, za ta nuna masa ƙa'idar da ta sa ta yi tambayar, ya bi sawunta har tushe. Yawancin manhajojin AI da muke rububi yau ba sa buɗe maka cikinsu haka. Ɗalibin kwamfuta ko na likitanci zai ƙaru sosai in ya ga yadda aka fara. Sai dai in za ka yi, ga sharuɗɗana:

1. Ka ajiye kwafin asali gefe, kar ka taɓa shi. A kan kwafi na biyu za ka yi wasa.
2. Ka duba shekarar manhajar, ka rubuta ta a sunan folda, da kalmar TARIHI da manyan baƙaƙe.
3. Ka gwada ta da labarin ƙirƙira ko misalin littafi. Ban da kanka, ban da iyalinka, ban da maƙwabci.
4. Emuleta daga Play Store kawai. APK ɗin da aka turo a guruf yana neman izinin karanta saƙonninka, me likita zai yi da lambar da banki ke turo maka? Na yi wa wayoyi filashin saboda irin wannan ba sau ɗaya ba.
5. In za ka tura wa wani, ka haɗa da gargaɗin. In ba za ka iya ba, bar ta a wayarka.

Ku kuma abokan sana'ata, ku ji tsoron Allah. In ka sa wa mutum sikirin na bogi, gobe zai dawo ya zage ka, ka canza masa, magana ta ƙare. Wannan kuwa in ta ɓaci ba wanda zai dawo maka da ita shago. Kuɗin ɗorawar bai kai ba.

Linkin da kuke nema ba zan bayar ba, kar ma a sake tambaya. Amma in kuna son darasin yadda ake hira da ELIZA a burauza da yadda irin waɗannan ƙa'idoji ke aiki, ku faɗa a kwament in shirya shi sati mai zuwa in Allah Ya yarda. Wanda ya turo maka manhajar nan a guruf, tura masa wannan rubutu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana ita.