Koyar da Baƙi Waƙar Amshi: Daga Ina Za a Fara?

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana shirya azuzuwan koyon waƙoƙin Afirka masu muryoyi da yawa, wato waɗanda jama'a ke rerawa lokaci guda, kowane rukuni da nasa karin. Misalin da ya fi shahara shi ne na mutanen Aka da ke dazuzzukan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, waɗanda hukumar UNESCO ta ayyana waƙarsu cikin muhimman kayan gadon ɗan'adam a shekarar 2003. Kafin masanin kiɗa Simha Arom ya rubuta irin waɗannan waƙoƙi a takarda, sai da ya riƙa ɗaukar muryoyin ɗaya bayan ɗaya, kowane mawaƙi yana sauraron na gabansa.

Bahaushe ba ya jera kari daban-daban kamar na Aka. Tasa gwanintar tana tsakanin jagora da 'yan amshi. Wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo zai ji yadda yaransa ke cafke ɗan waƙa tun bai dire shi ba, su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, kotso kuma yana faɗin tasa maganar a ƙarƙashi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace waɗannan dabaru da sunaye irin su karɓi da ƙari da rakiya. Turawa ma ba yau suka san da su ba, domin David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Zazzau a 1963 da 1964, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Babu laifi a koya wa baƙo wannan fasaha, hasali ma abin alfahari ne. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake raba waƙar da aikin da ya haife ta. A ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, yarinya ba a aji take koyon amshi ba. A dandali take koyonsa wajen gaɗa, sannan a bakin turmi, inda mata biyu ko uku ke lugude, kowace taɓarya tana faɗawa a gurbin da 'yar'uwarta ta bari. Wadda ta yi jinkiri ko gaggawa, taɓare su yi karo, a yi mata dariya, gobe ta gyara. Baturen da aka miƙa wa takarda mai alamomin kiɗa zai iya fitar da karin daidai, amma bai san lokacin shiga ba, alhali shigar nan ita ce waƙar. Ga kuma matsalar harshe: wanda bai bambance garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba, zai ja wasalin da bai kamata ba, ma'ana ta wargaje yana murmushi.

Sai dai kafin a zargi Bature, ya kamata a leƙa ajin Hausa na gida. Injin niƙa ya rage daka, siminti ya kori daɓe, waƙoƙinsu kuma suna bin su. A makaranta, malami yakan rubuta waƙar baka a allo tamkar rubutacciya, ya kawo amshin sau ɗaya a sama, ya shiga fitar da jigo da salo. Ɗalibi ya ci jarrabawa bai taɓa karɓar waƙa da bakinsa ba. Irin wannan ɗalibi ne gobe za a gayyata Landan ya koyar.

Malami mai neman sanin makamar aiki zai iya raba ajinsa gida biyu, ya naɗa jagora, a rera da tafi kafin a taɓa alli. A lokacin koyarwar gwaji a Hunƙuyi ko Ikara, ya nemi izinin tsofaffin matan da suka yi daɓe da ƙuruciyarsu, ya ɗauki muryoyinsu da wayarsa, ya rubuta sunan kowace da garinta. Idan wata rana ɗaukar ta kai hannun baƙi kuma ta kawo kuɗi, an san ƙofar gidan da za a kai rabon masu ita.