Kama da Wane Ba Ta Wane: Labarin Baƙin da Ke Cikin Lakar Teku

Wannan makon ba maganar farashin sefa ko wahalar kan iyaka zan kawo muku ba. Bakin ruwa za mu gangara.

Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke karatun ilimin halittu a jami'a ya zo mana hutu nan Kwatano. Wata safiya na gan shi ya dawo da laka a cikin gorar ruwa, yana wankewa a rariya kamar mai tankaɗen gari. Na ce, "Kai, duk kuɗin makarantar a wasan ƙasa zai ƙare?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, zo ka gani da idonka." Ya ɗora abin da ya rage a ƙarƙashin ɗan madubin ƙara girman abu, na leƙa. Abin da na ɗauka tsakuwa ce sai ga shi wasu 'yan kwansuna ne a nannaɗe kamar na dodon koɗi, kowanne da ɗakuna jere, ƙaramin ɗaki na bin babba. Ya ce sunansu foraminifera. Tun ranar nake bin labarinsu, ga kuma abin da na tsinto.

Jikina da naka an gina su ne da ƙwayoyin halitta bila adadin. Ita foraminifera ƙwaya ɗaya ce tak. Ba ta da baki, ba ido, ba ciki. Amma tana gina wa kanta gida, wasu da sinadarin farar ƙasa da suke tacewa daga ruwan teku, wasu kuma da ƙwayoyin yashi da suke mannawa ɗaya bayan ɗaya kamar magini. Ta kafofin gidan take fito da wasu siraran zaruruwa, da su take tafiya, da su take kamo abinci. Yawancin na bakin teku ba su kai rabin milimita ba, kuma a damƙin laka ɗaya ana iya samun ɗaruruwa.

Kada ka ce ba ruwanka da su don kai mutumin tudu ne. Masana ƙasa sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya rufe yankin Sakkwato da Tawa. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina da Malbaza ana yin siminti, a ƙasan wancan tekun ya taru, kuma akwai kwansunan waɗannan halittu a cikinsa. Haka duwatsun dalar Giza a Masar, cike suke da wasu manyansu masu faɗi kamar kwabo. Mai sayar da siminti ya daɗe yana hulɗa da su bai sani ba.

To ga inda labarin ya kama ni. A shekarar 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa wata daga cikinsu suna, wadda aka samo a yashin Rimini ta ƙasar Italiya. Ita ce yau ake kira Ammonia beccarii. Daga nan sai aka shafe fiye da shekara ɗari biyu duk inda mai bincike ya ga mai kama da ita, a Japan ne, a Amurka ne, a ruwan Legas ne, sai ya rubuta wannan suna. Ido ne kawai ma'auni, ido kuwa ya ce duk ɗaya ne.

Sai aka fara karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, rubutun da kowace halitta ke gada daga iyayenta. A 2004 wata tawagar masana, cikinsu har da Bruce Hayward na New Zealand da Jan Pawlowski na Jami'ar Janiba, suka wallafa sakamakon gwajin Ammonia da aka tattaro daga tekuna daban-daban. Suka sami iri goma sha uku mabambanta, suka ba su lamba daga T1 zuwa T13. Da suka koma suka sake duban kwansunan a tsanake, sai bambancin ya fito, a girman kafofin jiki da yadda ɗakunan suka haɗu. Dama yana nan, ba a lura ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a kan zane iri ɗaya, sai da aka wanke ya gane wace ce ta gaske, ya san wannan darasi. Kama da wane ba ta wane.

Wani zai ce to sai me? Sunan ƙwaro a cikin laka, wa ya dama? Akwai dalili biyu.

Na farko, waɗannan halittu shaidu ne a kan lafiyar ruwa. Ba sa iya gudu, rayuwarsu gajera ce, kuma kowane iri da abin da yake iya jurewa. Idan ruwan kwata da baƙin mai da dattin masana'anta suka yi yawa a wuri, masu rauni sai su ƙare, masu taurin rai irin Ammonia su cika wurin, a kuma riƙa ganin kwansuna karkatattu masu nakasa. Tunda kwanson ba ya ruɓewa da wuri, idan aka soka bututu a ƙasan ruwa aka zaro laka, na ƙasa na ba da labarin da, na sama na ba da labarin yanzu. Amma shaida ba ta da amfani idan ba ka san wanda ke ba da ita ba. In ka haɗa iri uku ka kira su da suna ɗaya, alhali juriyarsu ba ɗaya ba ce, lissafinka ya ɓaci tun daga tushe.

Na biyu, a cikinsu akwai baƙi. Babban jirgin ruwa idan ya sauke kaya yakan zuƙi ruwa ya cika wasu tankuna don kada nauyinsa ya karkata, sai ya je wata tashar ya amayar kafin ya yi lodi. Ruwan nan yana tafe da laka da duk abin da ke cikinta. A farkon shekarun 1980 aka fara ganin wata 'yar Japan mai suna Trochammina hadai a mashigin San Faransisko na Amurka, kafin a ankara ta mamaye wurare da dama. Wata kuma, Amphistegina lobifera, daga Bahar Maliya ta shiga Bahar Rum bayan an buɗe mashigin Suwez a 1869, tana kuma yaɗuwa yayin da ruwa ke ƙara ɗumi. Ita T6 ta gidan Ammonia ana samunta a Sin da Japan, ana kuma samunta a gaɓar Turai, masana na zargin jiragen ruwa ne suka kai ta. Ta daɗe a can ba a gane ba, saboda ta yi kama da 'yan gida. DNA ce ta tona ta. Irin wannan safara ta halittu ce ta sa aka ƙulla yarjejeniyar duniya a kan ruwan tankunan jirage a 2004, ta fara aiki a 2017.

Yanzu mu dawo gida. Da yawanmu a bakin irin wannan ruwa muke neman abinci: Dantokpa tana bakin mashigar da ta haɗa tafkin Nokuwe da teku, 'yan'uwanmu na Akkara sun san halin da ruwan Korle ke ciki, na Duwala suna bakin Wuri. Jiragen da ke kawo mana shinkafa da gwanjo su ne masu tankunan nan. Kifin da matanmu ke sayowa, a waɗannan tafkuna yake girma yana kiwo a kan lakar. Baƙin man da bakanike ya tuttular a kwata, da ruwan rini, da tsohon batir, duk can suke sauka su kwanta. Ruwan sama zai wanke titi, amma laka ba ta mantuwa. Tara baƙin mai a jarka a ba masu saye bai fi ƙarfin kowa ba.

Ga iyaye kuma, in ka ga yaronka yana tonon laka da sunan karatu, kada ka yi saurin da na yi. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma doguwa ce, kuma wani ne zai zauna ya tantance su wa ke cikin lakarta, ɗan gida da baƙo. Ɗan ƙanena ya koma makaranta da gorarsa, ya bar min 'yan kwansuna manne a kan baƙin kwali. Suna nan cikin aljihun tebur a shago, duk wanda ya biyo ta wajena sai in nuna masa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.