Uwargida, Ki Bar Wayarki Ta Yi Barci

Duk wadda maigidanta ke bin hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna, ta Udawa da Buruku, ta san zullumin jiran kiran "na sauka lafiya". A 2021, da aka katse layukan waya a yankin, mun ga tashin hankali. Yau layi ya dawo, amma sakacinmu ke cinye cajin.

Hasken fuskar waya na shan batir sosai. Kin ajiye ta a kunne kin tafi tuƙa tuwo, ga wuta ba tabbas, ga auta ya ɗauka yana danne-danne har cikin asusun kuɗinki.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A Android ki shiga Settings, sai Display, sai Screen timeout, ki zaɓi daƙiƙa 30, sannan ki sa lambar sirri. Kwamfutar yara mai Windows kuwa, a sashen Power ki sa ta yi barci bayan minti 10. Kada ki damu, kira zai shigo, aikin yaro ma yana nan yadda ya bar shi.

Ki gyara yau kafin magariba. Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya.