Adamu Halilu da Fim Ɗin Kanta: Wa Ke Riƙe da Gadonmu?

A duk wasan da ya ƙayatar, akwai mutum guda da ’yan kallo ba sa gani. Shi ne ke cewa wane ya tsaya nan, wance ta shigo ta can, a yi shiru a wannan gaɓa, a saki kiɗa a waccan. Shi ake kira mai ba da umarni, ko darakta a bakin ’yan fim. A makon nan ina so mu waiwayi ɗaya daga cikin magabatan wannan sana’a a Arewa, marigayi Alhaji Adamu Halilu, domin akwai bashin da yake bin mu, mu mutanen Kabi da Gwandu.

An haifi Adamu Halilu a Garkida ta ƙasar Adamawa a 1936, ya rasu a 2001. Ya yi aiki a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin da majigi ke yawo gari-gari a mota, a kafa farin allo a ƙofar fada bayan sallar isha’i, a nuna wa talakawa yadda ake noman auduga da kiwon lafiya. Shekaru ya yi yana ɗaukar irin waɗannan fina-finai na wayar da kai, kuma a nan idonsa ya goge. Ya koyi ɗaukar kasuwa yadda take ci, da mahayi yadda yake zama bisa sirdi, ba tare da ƙarin gishiri ba. Daga baya shi ya fara shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda aka shirya domin bikin FESTAC na 1977. Labarin na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fara mayar da shi wasan dandamali, sannan Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shehun a fim. Wanda ya kalle shi zai lura da salon mai shi tun daga farko. Ba ya gaggawa. Malami na zaune, almajirai sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka bi da shi ta hamada, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Halilu ya bar labarin ya tafi da saurin ayari. Rawani da alkyabba, ganuwa da zaure, gaisuwa da durƙuso, duk ya ba su lokacinsu, kuma ya bar mutane su yi magana da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Bai ɓoye munin bauta ba, bai kuma yi wa’azi a kanta ba. Ya ajiye ta gaban mai kallo ya bar shi da zuciyarsa.

Bayan wannan, a 1978, ya juya ga tarihin ƙasarmu, ya shirya fim a kan Kanta na Kabi, jarumin ƙarni na 16 da ya yi wa Songhai tawaye, ya kafa birninsa a Surame, ya kuma gwabza da Barno. Wannan labari bai tsaya a Argungu ba. Masana tarihi sun ce sunan Gwandu kansa daga “gandu” ya samo asali, wato gonar Kanta. Amma a tambayi matasan Gwandu ko na Kalgo, mutum nawa ne ya taɓa ganin wannan fim? Ba ya kasuwa, ba ya talabijin, ba ya cikin wayoyin da ke cike da fina-finan Indiya da na Kano. An yi shi muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Da aka yanke Jihar Kebbi a watan Agusta na 1991, an raba ma’aikata da kadarori, amma wa ya tuna ya ce a ba mu Kanta?

Mu dubi yadda wasu ke yi da nasu. A Faransa an yi wani mai ba da umarni, Patrice Chéreau, wanda aka haifa a 1944, ya rasu a 2013. Ya yi fice a opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa. A 1976, shekarar da Halilu ya gama Shaihu Umar, aka gayyace shi garin Bayreuth na Jamus ya tsara wasanni huɗu na Wagner a bikin cikarsu shekara ɗari. Sai ya ɗauko jaruman tatsuniyar Jamusawa ya sanya musu tufafin attajiran zamanin masana’antu, ya kafa madatsar ruwa a kan dandamali, ya tilasta wa mawaƙa su yi wasa da jikinsu maimakon tsayawa ƙiƙam suna rerawa. A daren farko ihu aka yi masa. Zuwa 1980, a wasan ƙarshe, an daɗe ana tafi ba a zauna ba. Abin lura shi ne an ɗauki aikin a faifai an adana, ta yadda ɗalibin da aka haifa bayan rasuwarsa zai iya kallo ya yanke nasa hukunci.

Nan ne bambancin wannan sana’a da ta malamai yake. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sun kusa shekara 200 bayan rasuwarsa ana karanta su a zaurukan Gwandu, saboda almajiri na iya kwafa da alƙalami, wani ya haddace. Fim kuwa ba a haddace shi. Zaren da aka naɗe shi a kai yana lalacewa da zafi da laima, launinsa ya dushe, ya manne, har ya zama ba a iya warware shi. Kowace damina da ta wuce tana rage wani abu.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Shaihu Umar ma an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka gano shi a ma’ajiyar Hukumar Fina-finai, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Turawa suka cika zaure suna kallon labarinmu da harshenmu. Abin da ya yiwu ga Shehu zai iya yiwuwa ga Kanta, in an samu mai bin sawu.

Saboda haka kirana ga gwamnatin Jihar Kebbi shi ne ta rubuta wa hukumar da ke Jos da takwararta ta Sakkwato, a binciki inda naɗin fim ɗin yake, a ware kuɗin gyara shi. Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo tana da malamai da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan bincike, su zauna da dattawan da suka shaida lokacin su naɗi bayanansu tun suna raye. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu shi ya fi cancanta ya ajiye kwafi. Masarautun Gwandu da Argungu kuwa, in suka haɗa murya, babu ofishin da zai yi kunnen uwar shegu da su.

Ga matasanmu masu ɗaukar fim da waya, kallon aikin Halilu makaranta ce: za su ga yadda ake haƙuri da labari, da yadda ake girmama wuri da mutanensa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye tulun. Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Halilu, ya sa mu ga Kanta a kan farin allo a ƙofar fadar Gwandu.