Jirgin Feshi: A Kula Da Ran Matuƙi Da Na Mutanen Ƙasa

Duk manomin da ya taɓa ganin garken jan baki ya sauka a gonar shinkafa ko gero ya san dalilin da ya sa ake kukan a kawo jirgin feshi. A Kebbi, da Yobe, da Borno, da fadamun Haɗeja zuwa Nguru inda ciyawar kacala ta zame wa tsuntsayen nan maɓoya, wahalar shekara guda takan salwanta cikin 'yan kwanaki. Don haka ba mu ce a daina feshi ba. Abin da muke cewa shi ne, aikin nan yana cin rayuka, kuma yawancin haɗarinsa ana iya kauce masa.

Tun shekarar 1921 aka fara feshi da jirgin sama, a jihar Ohayo ta Amurka, kuma har yau yana cikin ayyukan tuƙi mafi haɗari. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin fasinja yana tafiya can sama inda ba abin da zai ci karo da shi, amma jirgin feshin gona yakan sauko kamar ƙafa 10 bisa amfanin gona, ɗauke da kaya mai nauyi, yana gudun da ya kai kilomita 200 a sa'a. Idan wayar lantarki ta gitta gabansa, kafin matuƙi ya gan ta ya riga ya isa gare ta. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta nazarci haɗurra 78 na jiragen aikin gona da suka auku a shekarar 2013, ta kuma nuna cewa gajiyar matuƙa, da karo da wayoyi ko dogayen turaku, da rashin kula da gyaran jirgi suna cikin manyan dalilai. A watan Janairu na 2020 ma wani jirgin feshin fara ya faɗi a ƙasar Fakistan, mutum biyun da ke ciki suka rasu.

To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A nan ƙasarmu feshin jan baki da almuru ake yin sa, lokacin da tsuntsaye suka koma makwancinsu, wato daidai lokacin da ido ya fara kasa ganin waya. Ban da haka, tun da wayar salula ta shigo a shekarar 2001, turakun sadarwa sun cika ƙauyuka, ga kuma sababbin layukan lantarki. Matuƙin da aka ɗauko haya daga wata ƙasa, ina zai san inda suke idan ba a nuna masa ba?

Haɗarin bai tsaya kan matuƙi kaɗai ba. Maganin da aka saba fesa wa jan baki, wato fentiyon, guba ne ga mutum da dabba. Idan jirgi ya faɗi, tankinsa yakan fashe, ga man jirgi da ke iya kamawa da wuta, amma sai ka ga yara da manya sun ruga kallo. Wasu kuma sukan tsince matattun tsuntsaye su ci ko su kai kasuwa. Wannan ganganci ne. Tarayyar Turai ta hana feshi ta sama tun dokar shekarar 2009, sai da izini na musamman, saboda illarsa ga mutane da ruwan sha.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun aikin gona da su zagaya wurin da rana kafin a tashi jirgi, a rubuta kowace waya da kowane turke, a kuma sa musu alama da fitila. A bar matuƙi ya huta, kada a matsa masa don kwangila ta ƙare da wuri. A ajiye allurar atirofin, wadda ke karya irin wannan guba, a asibitocin da ke kusa. A kuma sanar da dagatai da masu unguwanni tun da sauran kwanaki, su aika majami'u da masallatai da kasuwanni, kada a manta da rugagen makiyaya.

Mu ma muna da namu aikin. Ranar feshi a rufe rijiyoyi, a kau da dabbobi, a tsare yara a gida. Idan tsautsayi ya auku, manya kaɗan su je ceton matuƙi, su bi ta inda iska ke fitowa, sauran jama'a su ja da baya a kira hukuma. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.